Shekara Sha Bakwai Tana Jiran Jirgin Mpika

A garin Mpika mutum ɗaya ne kawai ke kiranta da sunanta na haihuwa, Nsofwa, shi ne yayanta Sampa. Sauran jama'a Bana Kangwa suke ce mata, uwar Kangwa, tun ranar da ta haifi ɗan da ya zauna mata bayan ta binne uku.

An haife ta a wani ƙauye kusa da kogin Chambeshi, gidan manoman tamba da rogo. Su biyu suka rayu a ɗakin uwarsu, ita da Sampa. Shi aka tura makarantar mishan, ya yi ta hayewa har ya zama malamin kimiyya. Ita kuwa aji uku ta yi aka ce ta dawo ta kama taɓarya, kuma ba ta taɓa jin haushin hakan ba. Ta auri wani magini mai suna Kapambwe, mutum marar hayaniya, ya kawo ta Mpika lokacin da ake gine-ginen tashar jirgin ƙasa. A nan ta kama sana'ar cikanda wadda ta gada wurin uwarta: a daka saiwar wani tsiron daji da gyaɗa, a tuƙa har ta kama jikinta, in ta huce a yanka a barbaɗa barkono. In ruwan farko ya sauka kuma sai ta haɗa da sayar da busasshiyar tsutsar itace, wadda ake ci a can.

Da ta sami ciki na huɗu, ta shiga coci wata ranar Talata da babu kowa, ta durƙusa ta yi wa Ubangiji alkawari. In ya bar mata wannan, ita ma ta bar masa shi, zai zama Fada. Kangwa ya rayu. Bayansa ta sami 'yan mata biyu, su ma suka rayu. Ba ta ɓoye wa kowa alkawarin ba, har yaron ya tashi ana tsokanarsa da Ƙaramin Fada tun bai san ma'anar sunan ba.

Sampa kuwa ya daɗe da barin coci, ba faɗa ba rigima, kamar yadda mutum ke ajiye rigar da ta yi masa kaɗan. Matarsa ta rasu da wuri, bai sami haihuwa ba, bai sake aure ba. A wurinmu ɗa na dangin uwa ne, kawu kuma yana da ta cewa fiye da uba. Saboda haka da aka kawo Sampa koyarwa a sakandaren Mpika, ba wanda ya ga baƙon abu don Kangwa ya koma gidansa da zama. Nsofwa ta yi ɗan ɗar-ɗar, amma ta ce a ranta abin da aka riga aka ba wa Allah ba wanda ya isa ya ƙwace.

Kangwa yana shekara goma sha tara babansa ya faɗo daga saman gini. Bai mutu nan take ba. Matan zumuntar coci suka taru suka yi addu'ar kwana tara, safe da yamma, Kangwa yana cikinsu yana riƙe da hannun uban. Rana ta goma Kapambwe ya cika.

A zaman makoki, bayan an dawo daga maƙabarta, mai koyar da katikisma ya ce kowa ya durƙusa a gode wa Ubangiji da ya bayar ya kuma karɓa. Tsakar gida ta durƙusa gaba ɗaya, har tsofaffi masu ciwon gwiwa. Sampa yana can waje kan benci, dama kowa ya san halinsa. Amma Kangwa yana tsakiya, a tsaye ƙiƙam.

"Kangwa, durƙusa," in ji uwarsa a hankali.

"Mama, in gode da me? Kwana tara muna kira. Ko dai ya ji ya ƙi, ko kuma babu kowa a can. Ni na fi so a ce babu kowa, don in yana nan ya ji kukanki ya yi shiru, ba ni da abin da zan ce masa mai daɗi."

A gaban dangin miji, a gaban matan zumunta, gawar mijinta ba ta ko huce a ƙasa ba. Ta miƙe. Abin da ta ce, mutane da yawa sun ji, ita ma ba ta taɓa musantawa ba: "Bakin da ya faɗi wannan ba zai ci tuwon tukunyata ba. Ranar da gwiwarka ta iya lanƙwasawa, ka zo ka kira ni Mama."

Bayan kwana biyu aka neme shi aka rasa. Wani ya ce ya gan shi a jirgin arewa, wani ya ce a motar Lusaka. Ta ɗauka fushin yaro ne, yunwa za ta koro shi. Wata ya wuce, Kirsimeti ta wuce. Ta je wurin Sampa ta tambaye shi, ya ce shi ma yadda ta ji haka ya ji.

Daga nan ta kama addu'a. Ba ta roƙon arziki, ba ta roƙon lafiya, roƙonta ɗaya ne. Ta daina shan shayi da sukari, ta ce sai ranar da ya dawo. A shekara ta uku zazzaɓi ya kwantar da ita, da tsakar rana tana kwance a inuwar mangwaro sai ta gan shi, sarai, yana saukowa daga jirgin Dar es Salaam da farar riga da buhu a kafaɗa, ta kuma ji an ce mata: "Ta nan zai zo." Da ta warke ta ba matan zumunta labari. Suka ce wahayi ne. Fadan lokacin ya ce a bi a hankali da mafarki, amma bai hana ta ba. Ta ɗauke teburinta daga kasuwa ta mayar bakin tasha, duk da ciniki ya fi a kasuwa, don kada jirgin ya iso ba ta nan.

A bakin tashar nan Sampa ya sami wurin zama bayan ya yi ritaya. Kullum da la'asar sai ya taho da sandarsa da tsohuwar jarida a hammata, ya zauna a bencinta, ya miƙa hannu ya ɗauki yankan cikanda ba tare da an ba shi ba, ya buɗe muhawara. Masu dako da masu tura baro har matsowa suke yi su ji.

"Nsofwa, yau an amsa daga sama, ko har yanzu ofishin a rufe yake?"

"Yaya, ci ka tashi, kana kore mini ciniki da wannan bakin naka."

"Tambaya ce kawai. Kin taɓa ganinsa?"

"Kai ka taɓa ganin hanjinka? Amma ga shi kana dura masa cikandata."

"Likita ya gani, lokacin da aka yi mini aiki a Kasama. Ya ce yana gaishe ki. Kawo mini likitan da ya ga naki."

Masu dako su fashe da dariya, ita ma wani lokacin sai ta juya baya don kada ya ga tana murmushi. Wata rana ya ɗauko ta wahayi. Ya ce in Allah yana da saƙo ga mutanen Chambeshi, me ya hana shi faɗa musu da kansa da harshensu, sai da ya jira shekara dubu da ɗari tara wasu masu gemu suka tako da ƙafa daga bakin teku? Kakanninmu da suka mutu kafin isowar wasiƙar, laifin wa? Ta ce kakanninmu sun san shi tun kafin masu gemu, suna kiransa in an yi tsawa, littafin ne kawai ya makara, ba mai littafin ba. Ya ce mafarkinta fa? Zazzaɓin cizon sauro ne, da ta sha magani da wuri da ba ta ga kowa ba. Ta ce to shi ma ya yi zazzaɓi sau nawa, me ya gani banda tsohuwar budurwarsa? Ta ce masa wa ke sa tsutsa a itace daidai lokacin da rumbu ya ƙare? Ya ce malam-buɗe-littafi. Ta ce wa ya aiko malam-buɗe-littafin? Ya ce uwarsa.

Ba wanda ke kayar da wani. Sai dai Sampa yana da kibiya ɗaya wadda ba ya harbawa sai in ta matse shi ƙwarai. Zai goge baki, ya ninke jarida, ya ce: "To, ina Kangwa?"

In ya faɗi haka sai muhawara ta ƙare. Masu dako su sulale. Ita kuma ta kama gyara faranti da ba ya bukatar gyara. Wani lokacin ta ce, "Jinkiri ba ƙi ba ne." Amma gobe zai dawo, ta kuma ajiye masa gefen da ya fi ƙamewa, wanda yake so. Ɗan'uwanta ke nan ɗaya a duniya. Ita ke wanke masa kaya in mai aikinsa ta gudu, ita ke kai masa tuwo ranar Lahadi in ta taso daga coci. Tana yi masa addu'a shi ma, a bayan ta Kangwa.

Haka aka yi ta yi har shekara goma sha bakwai. Gashinta ya yi fari, 'yan matanta suka yi aure a Kitwe, Fada uku suka zo suka tafi. Jirgi ya zo da wuri ko ya makara kwana guda, tana nan, tana duban ƙafar kowane namiji da ya sauko, don ta ce fuska tana sakewa amma tafiya ba ta sakewa.

Wata ranar Asabar a watan Yuli, da hantsi, jirgin Dar es Salaam ya tsaya. Cikin masu saukowa akwai wata mata doguwa sanye da baƙin zane, tana jan hannun yarinya mai kamar shekara goma. Ta tsaya tana waige-waige, sannan ta nufo tebur mafi kusa. Bembancinta, wato yaren garin, a karye yake, irin na mutanen ƙetaren iyaka.

"Sannu Mama. Don Allah ko kin san gidan Malam Sampa, tsohon malamin makaranta?"

"Na san shi kamar yunwar cikina. Bari in rufe faranti in raka ki, yana da wuyar kwatance."

Ta bar wa maƙwabciyarta tebur, ta karɓi ƙullin matar ta ɗora a ka. A hanya matar ta ce sunanta Tumpe, daga Mbeya take. Mijinta ya rasu wata huɗu da suka wuce, ta zo ne ta kawo wa danginsa kayansa da 'yarsa su ganta, kamar yadda ya kamata. Malam Sampa kawun mijin ne. Mutumin kirki, in ji ta, shi ya tsaya musu a aurensu, ya kuma zo jana'iza duk da tsufansa.

Nsofwa ta rage tafiya. Wata huɗu da suka wuce Sampa ya tafi na mako guda, ya ce asibitin ido za shi. Ita ta soya masa gyaɗar guzuri.

"Kawunsa ta ina?" ta tambaya.

"Ɗan ƙanwarsa ne. Kangwa sunansa. Makaniken manyan motoci."

Ba ta faɗi ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta sauke ƙullin a gefen hanya, ta zauna a kansa, ta kama yarinyar da hannu biyu ta juyo da ita tana dubawa. Ta dubi goshin, ta dubi kunnuwan. Tumpe ta gane kafin a faɗa mata. Ta durƙusa a ƙasa ta kama ƙafafun tsohuwar.

Ba gidan Sampa suka je ba, gidanta ta kai su. Ta ba su ruwa, ta ɗora tukunya, don hannunta ya san abin yi ko da kai bai sani ba. Sannan ta zauna Tumpe ta ba ta labari. Kangwa ya isa Mbeya da rigar jikinsa, ya kwana a gareji, ya koyi aiki, ya yi suna. Ba ya zuwa coci amma bai hana matarsa ba. Ciwon hanta ne ya kashe shi, wata uku yana jinya. Mbeya, tafiyar yini guda a jirgin nan da take tarya sau biyu a mako.

"Bai taɓa cewa zai zo ba?"

Tumpe ta jawo kayanta kusa. Ta buɗe ƙullin ta ɗauko wata jakar leda cike da wasiƙu. Ta ce tun watansa na farko yake rubuto wa kawunsa, ya roƙe shi kada ya faɗa. Amma da aka haifi yarinyar nan, shekara bakwai da tafiyarsa, ransa ya sauko. Ya rubuta cewa zai kawo wa Mama jikarta. Har ya sayi zane. Amsar kawun ce ta tsayar da shi.

Karatun Nsofwa na aji uku ne, amma rubutun yayanta ko a duhu ta san shi. Ta bi shi da yatsa, harafi harafi. "Kada ka zo yanzu. Uwarka ba ta sake ba, sai abin da ya ƙaru. Ta ce an nuna mata kai a mafarki, duk gari ya ɗauka. In ka sauko daga jirgin nan za su ɗauke ka a ka zuwa coci, su durƙusar da kai gaban jama'a, su ce mu'ujiza. Ka ƙara haƙuri, ni zan gaya maka in lokaci ya yi." Akwai wata bayan shekara biyu, maganar ɗaya ce. Akwai ta uku. A ko ɗaya bai ce tana zaune a tasha ba. Bai ce ta daina shan sukari ba.

Ta ninke su yadda ta same su. Da la'asar, lokacin da ya saba tahowa, ta riga shi, ta tarar da shi yana ɗaura takalmi a barandarsa.

"Nsofwa, lafiya? Wa ya ci kasuwar yau?"

Ta ajiye ledar a kan gwiwarsa. Ya dube ta, ya dubi ledar, hannunsa ya saki igiyar takalmin.

"Tumpe ta iso ke nan," ya ce. "Na ce mata ta jira in shirya ki."

"Shekara goma sha bakwai ba su ishe ka shiri ba, Yaya?"

"Ya sa ni na yi masa alkawari."

"Na shekara bakwai. Sauran goman fa, wa ya sa ka?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce yaron yake karewa. Ya ce ta manta abin da ta faɗa ranar makoki? Da ya zo da sun cinye shi da waƙa da rawa, da an tilasta masa ƙarya, da ya sake gudu, gudun da ba dawowa. Ya ce yana jira ne ta huce, ta daina maganar mafarkin.

"Ka taɓa tambayata? Ka taɓa cewa, Nsofwa, in ya zo bai durƙusa ba za ki karɓe shi? Sau ɗaya?"

Ya mayar da tabaraunsa, ta ci gaba.

"Da ya zo yana zagin Fada da coci da ni kaina, da na dafa masa kaza. Kai ma ka sani. Ba shi kake karewa ba. Tsoro kake ya sauko daga jirgin nan, masu dako su ce ƙanwarka ta kayar da kai."

"Ba haka ba ne kawai."

"Kawai. To akwai shi a ciki ke nan."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, shi bai san ranar da abin ya zama haka ba. Da farko amana ce ya riƙe. Daga baya ya ga in ya faɗa sai ya amsa dalilin da bai faɗa jiya ba, kullum ramin yana ƙara zurfi. Kuma yaron nasa ne shi ma. Shi kaɗai ne mutumin da ya taɓa saurarensa ya yarda da shi. Ba ya so ya gan shi a durƙushe.

"Ban damu da ka ɓoye ba kamar yadda na damu da abu ɗaya," ta ce. "Kana zaune a bencina, cikandata a bakinka, wasiƙarsa a aljihunka, ka dube ni ka ce ina Kangwa. Ka ce babu mai ji a sama, hujjarka ɗana bai dawo ba. Kai ka tare hanyar, sannan ka ce a zo a ga babu mai wucewa. Ka dawo daga binne shi da ƙasar kabarinsa a takalminka, ka zauna ka tambaye ni ko ofishi ya buɗe."

"Tun da na dawo ban ƙara tambayarki shi ba."

"An gode," ta ce, ta ɗauki ledarta ta fita.

Kafin rana ta faɗi labari ya zaga gari. Aka yi zaman makoki na kwana uku ba gawa. Matan zumunta suka cika gidan, suna rarrashi da abin da suka iya. Shugabarsu ta ce, ai wahayin bai faɗi ƙasa ba, ga shi ta jirgin jininsa ya zo, kuma teburinta aka fara nufa cikin teburi ashirin. Nsofwa ta ce, "Ni ba jika na roƙa ba. Na faɗi sunan wanda nake so, ban yi in'ina ba."

Lahadi uku ba a gan ta a coci ba, abin da bai taɓa faruwa ba ko da tana jego. Fada ya zo da kansa, yaro ne sa'an Kangwa, ya zauna a kan turmi. Ya ce mata laifin mutum ne, ba na Allah ba. Allah ya ba ɗan Adam 'yancin zaɓi, Sampa ya zaɓi mugun abu.

"Fada, lokacin da yake rubuta wasiƙar, Allah yana gani?"

"Yana gani, Mama."

"Lokacin da nake durƙushe kuma yana ji?"

"Yana ji."

"To tsakanin gidana da gidan Sampa tafiyar minti ashirin ce. Wanda ya iya nuna mini jirgi a mafarki, ya kasa nuna mini aljihun yayana? Ya ce mini ta nan zai zo, na zauna. Da bai ce ba, da na sayar da tukwanena na bi garuruwa ina cigiya, da Mbeya ce ta uku ko ta huɗu. Maganar nan ita ta ɗaure ni a benci. In shi ya faɗa, ya yaudare ni. In ba shi ba ne, to zazzaɓi na bauta wa shekara goma sha huɗu, Sampa ya yi gaskiya. Zaɓar mini ɗaya, Fada."

Ya ce ba shi da amsar da za ta ishe ta, ba kuma zai ƙirƙiro ba. Ta ce wannan ita ce magana ta farko mai daɗi da ta ji tun ranar Asabar. Da ya tashi tafiya ta ƙara da wadda ba ta faɗa wa kowa ba: ita ma tana da nata kason. Bakinta ne ya fara kora. Amma ita ta yi nata sau ɗaya, cikin zafin mutuwa, ta kuma biya shi kullum. Su biyun nan kuwa, na sama da na ƙasa, da sanyin rai suka yi nasu.

Ta bi Tumpe zuwa Mbeya. Karon farko ke nan da ta shiga jirgin. Ta ga garejin, ta ga ɗakinsa, aka nuna mata kabarin, ta cire ciyawar da ta fara tsirowa. Tumpe ta ɗauko zanen da ya saya shekara goma baya, yana nan cikin ledarsa, shuɗi mai zanen ganye. Ta karɓa. Aka shirya yarinyar za ta riƙa zuwa Mpika duk dogon hutu, aka kuwa cika.

Da ta dawo ta mayar da teburinta kasuwa. Sampa bai ƙara zama a bencin kowa ba. Masu dako suka daina gaishe shi, yara suka daina karɓar masa kaya. Cikin shekara guda idon da ya yi ƙarya da shi ya fara mutuwa da gaske. Da ta ji yana kwana da yunwa, ta koma aika masa da tuwo ta hannun maƙwabciya, ba gaisuwa ba saƙo. Ta ce uwarsu ba za ta yafe mata ba in ya mutu da yunwa tana raye, iyakar abin ke nan.

Sau ɗaya ta taka gidansa, da ya aiko cewa jikin ya yi tsanani. Ta same shi a kujera da rana tsaka, ya rame, yana fuskantar inda ya ji motsinta.

"Nsofwa, ke ce? Zauna. Kada ki ɗauka na kira ki in ce na tuba na ga haske. Ban ga komai ba, har yanzu ina kan bakana."

"Ban zo jin wannan ba."

"Na sani. Ku in kun yi laifi kuna da inda za ku kai, a ce an wanke. Ni ba ni da kowa sai wanda na yi wa. Kangwa ya tafi. Saura ke."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa, irin na ubansu sak. Ta so ta ce ta yafe, don ta san abin da littafi ya ce, ta kuma san ba zai kai damina ba. Ta nemi kalmar a cikinta ba ta same ta ba.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya. Wadda aka yi mini ta isa. Ban iya ba tukuna."

Ya gyaɗa kai. Ta gyara masa bargo, ta share ɗakin, ta wanke kwanukan da suka taru, ta tafi. Ya rasu bayan mako biyar. Ita ta tsaya a kan jana'izar. Da wasu suka ce a kira mai katikisma ya yi addu'a, ta hana, ta ce bai so ba yana raye, ba za a yi masa dole yana kwance ba.

Ta koma coci daga baya, ba wanda ya san ranar da ta yanke shawara. Ba ta koma zumuntar mata ba. Tana zama a bencin baya kusa da ƙofa, tana waƙa in ana waƙa, don muryarta har yanzu tana da kyau. In aka zo wurin roƙe-roƙe, kowa ya ce "Ya Ubangiji ka ji addu'armu," sai a ga bakinta a rufe. Wata yarinya cikin mawaƙa, wadda ta shekara shida da aure ba haihuwa, ta taɓa tare ta a ƙofa ta ce ta ji labarinta, tana so ta sani ko akwai amfani a ci gaba da roƙo. Bana Kangwa ta dube ta sama da ƙasa.

"Ban sani ba, 'yata," ta ce. "Ki roƙa in kina so. Amma ki je asibiti, ki ja mijinki ku je tare, ki kuma tambayi mutanen gidanku abin da suka sani ba su faɗa miki ba. Zo ki riƙe mini wannan kwandon, gwiwata ta ƙi matakalar nan."

Yarinyar ta karɓi kwandon, suka gangara tare zuwa kasuwa.